Mastas a Mekatironik: yadda za ka shirya tun kana nan Sakkwato

Jama'a assalamu alaikum. Wanga rubutu na ƙannenmu ne da sunka gama injiniyarin, ko Mekanikal ko Elektirikal ko Kwamfuta, sunka yi bautar ƙasa ko suna cikinta yanzu, kuma ransu na ga mastas a mekatironik, fannin da ke haɗa ƙarfe da lantarki da kwamfuta wuri guda har inji ya riƙa auna abu da kanshi, ya yanke hukunci, ya motsa. Ke ma 'yar'uwa da ke nake, in na ce "ka" ki ɗauka da ke ne.

Tun farko bari in faɗi matsayata don kada mu ɓata ma juna lokaci. Sunan da anka rubuta ga takardar digiri ba shi ba ne abin dubawa. Wani wuri suna ce mishi mekatironik, wani wuri kontirol da otomeshin, wani wuri robotik, wani wuri kuma ƙere-ƙeren masana'anta na zamani, duk ɗaki guda ne ƙofofi ne daban. Abin da za ka bi shi ne ɗakin gwaji mai kayan aiki masu rai, da malamin da ke bincike da gaske, da kuma injin da hannunka zai taɓa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wagga magana sunka tsaya.

Mataki na farko: ka san aikin da kake nufi

Ka hau hanyar Kalambaina ka dubi kamfanin siminti, ba sai ka shiga ba. Abin da ke faruwa ciki shi ne darasin farko. Ana gasa garin dutse cikin wata doguwar tanda mai juyi a zafin da ke kai digiri 1,450, babu ɗan Adam da zai tsaya kusa yana auna wanga zafi da hannu, sensa ke aunawa ta aika ma PLC, wato ƙaramar kwamfutar masana'anta da ke sarrafa injuna, PLC ɗin ya ƙara ko ya rage makamashi, ya sauya gudun fanka, mutum shina can ɗakin kontirol gaban allo shina kallo. Injin cika buhu kuma ya fi burge ni. Buhu na rataye ga bakin bututu, ƙarƙashin wurin akwai sensar nauyi, siminti na zuba da ƙarfi har ya kusa kilo 50, sai injin ya rage zubin ya koma kaɗan-kaɗan, ya yanke kafin ya kai 50 ɗin daidai don ya san akwai garin da ke kan hanya cikin bututu bai faɗo ba tukuna. Wanda ya lissafa inda za a yanke ɗin nan, ya rubuta shi cikin furogiram, ya gyara shi ranar da buhu ya fara fita da ragin rabin kilo, to aikinshi kake nema.

Haka injinan gyaran shinkafa irin na Argungu da Birnin Kebbi. Cikin manyan injinan shinkafa na zamani akwai na'urar tance launi, ƙwayoyi na gangarowa da gudu, kyamara na kallon kowace guda, in ta ga baƙa ko tsakuwa sai wata 'yar ƙofar iska ta hura ta gefe cikin ƙiftawar ido. Ga matatar Dangote ta Lekki, ga kamfanonin lemo da na taliya da na robobi na Kano da Kaduna da Legas. Duka suna buƙatar mutanen wanga fanni, kuma sau da yawa in abu ya lalace sai an kira wani daga waje.

To ka zaɓi gefe tun yanzu. Akwai gefen sarrafa masana'anta, wato PLC da SCADA (tsarin kallo da sarrafa injuna daga allo) da sensoci da na'urar sauya gudun moto. Akwai gefen robot da kyamarar da ke gane abu. Akwai gefen ƙira, injinan yankan ƙarfe na CNC da firinta mai fitar da abu mai jiki. Akwai kuma gefen ƙananan alluna da ake dasawa cikin na'ura. A nawa gani, in nufinka ka dawo gida ka ci abinci da karatunka, gefen farko ya fi kasuwa nan Arewa nesa ba kusa ba. Robot na da daɗin faɗi ga taron biki, amma ka ƙirga masana'antun da ke da hannun robot tsakanin Sakkwato da Gusau ka gani. In kuma koyarwa da bincike kake so, ko aiki waje, to robot ɗin ba laifi.

Mataki na biyu: ka auna takardunka da gaskiya

A ma'aunin maki 5 na jami'o'inmu, 4.50 zuwa sama shi ne ajin farko, 3.50 zuwa 4.49 babban aji na biyu, 2.40 zuwa 3.49 ƙaramin aji na biyu. Mafi yawan sikolashif na waje daga 3.50 suke fara kallon mutum. Mai ƙasa da haka ba wai ƙofa ta rufe ba ne, mastas na gida na karɓar ƙaramin aji na biyu a wurare da dama, sannan shekarun aiki a masana'anta na cike giɓi ƙwarai. Mai HND, misali ɗan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, hanyar da anka saba nan gida ita ce ya fara yin PGD, wato difloma ta gaba da digiri, sannan mastas, kuma kada ya raina kanshi don sau da yawa 'yan foli sun fi mu 'yan jami'a sanin waya da sukurdireba.

Amma ga abin da mutane ba su lura da shi. Jami'o'in Jamus musamman ba jimillar maki kaɗai suke dubawa ba, suna bin tiranskirif kwas-kwas suna ƙirga nawa ka yi na lissafi, nawa na kontirol, nawa na mekaniks, nawa na lantarki, nawa na furogiramin. Ɗan Mekanikal kan faɗi wajen lantarki, ɗan Elektirikal kan faɗi wajen mekaniks da zanen inji, ɗan Kwamfuta Sayans kan faɗi duka biyun. Shi ya sa tun yanzu ka je sashenku ka nemi littafin bayanin kwasa-kwasai, wanda ke faɗin abin da anka koyar cikin kowane kwas, don za su nemi shi. Tiranskirif ɗin ma ka nema da wuri, wata shida kafin buƙata ba gaggawa ba ce, kuma zuwa da kai ya fi aike.

Mataki na uku: gyaran tushe, nan ne aikin yake

Nan zan daɗe, don nan ne ake kayar da mutane. Semistar farko ta mastas ba ta jiran kowa. Malami zai shigo ya cika allo da matirik ya ɗauka ka san su tun aji biyu, kai kuma rabonka da su tun ranar jarabawa.

Lissafi uku za ka tayar daga barci. Aljabarar matirik, lissafin difarenshiyal, da sauyin Laplace. Ba haddar fomula nake nufi ba, ka kai inda in an ba ka moto da nauyin da yake ja za ka iya rubuta lissafin motsinshi da kanka, ka juya shi zuwa Laplace, ka faɗi ko zai tsaya lafiya ko zai yi ta rawa. Bayan su sai ɗan lissafin yiwuwa, don duk sensar duniya tana ƙarya kaɗan, dole ka san yadda ake tace maganarta.

Sai PID, tsarin kontirol mai sassa uku, P da I da D, wanda shi ke riƙe da mafi yawan madaukan kontirol na masana'antun duniya har yau duk da sabbin dabarun da ake ta rubutawa. Ka ɗauki mai cika randa daga famfo. In randa na ƙasa sosai ta buɗe famfo duka, in ruwa ya kusa baki ta rage, wanga shi ne P. In ta lura an daɗe ruwan bai kai inda take so ba, ƙila randar na yoyo, ta ƙara buɗewa kaɗan-kaɗan har ya kai, wanga shi ne I. In ta ga ruwan na hawa da gudun da zai yi ambaliya ta fara rufewa tun bai kai ba, D ke nan. Karatun duka a kan nawa za a ba kowane ɗaya ne. Ka cika P abu ya yi ta sama da ƙasa, ka cika I ya wuce layi ya daɗe bai dawo ba, ka cika D ya riƙa firgita da kowane ɗan hayaniyar sensa. Akwai tsohuwar dabarar saiti ta Ziegler da Nichols tun 1942, ka koye ta don mafari ce mai kyau, amma kada ka ɗauka ita ce ƙarshen magana.

Furogiramin kuma guda biyu sun isa ka fara, Python da C. MATLAB da Simulink su ake amfani da su kusan kowace jami'a, sai dai lasisinsu na da tsada, Octave da Scilab kyauta ne kuma za su kai ka nesa. Wajen zane, SolidWorks anka fi sani, FreeCAD kyauta ne. Mai son robot ya sa Ubuntu ga kwamfutarshi ya fara wasa da ROS 2 da Gazebo, can zai tuƙa robot na ƙarya cikin allo ba tare da ya sayi ko kusa guda ba.

PLC shi ne abin da jami'o'inmu da yawa ke koyarwa ga allo kawai, alhali shi ne abincin. Tun ƙarshen shekarun 1960 anka ƙirƙiro shi Amurka don maye gurbin tarin rile na kamfanonin mota, kuma har yau babu masana'antar kirki da ba shi ciki. Nan ƙasar za ka fi cin karo da Siemens, irin su S7-1200 da S7-1500 da tsohon S7-300, sai Allen-Bradley da Schneider da Mitsubishi da Delta. Ba sai ka sayi ko ɗaya ba kafin ka fara. CODESYS na saukuwa kyauta kuma shina da na'urar kwaikwayo ciki, OpenPLC ma kyauta ne har kana iya ɗora shi kan Arduino. Ka koyi zanen tsani, wato furogiram na PLC da ake zanawa kamar tsani, da farko don shi masu gyara ke karantawa, sannan rubutun ST, wanda ake rubutawa da kalmomi, dukansu na cikin ƙa'idar IEC 61131-3, in ka iya ga wani kamfani komawa ga wani ba wuya. Ka san Modbus, ƙa'idar da na'urorin masana'anta ke magana da juna da ita. Ka san dalilin da ya sa sensar masana'anta ke magana da 4 zuwa 20 miliamfiya ba daga sifili ba, don in waya ta tsinke aka ga sifili an san tsinkewa ce, ba wai tanki ne ya ƙare ba. Irin wagga tambaya ce ake jefa ma mutum ga intabiyun aiki, mai mastas ya yi ta zufa.

Mataki na huɗu: ka gina abu guda, ka auna shi

Ba goma ba, guda. Kuma ba irin furojet ɗin aji biyar da ake kunnawa ranar difens a ɗauki hoto a jefa saman kabad ba.

Ga misali mai arha. Tankin ruwa na saman gida, famfon sumo, allon ESP32 ko Arduino, sensar sauti irin HC-SR04 da ke auna nisan ruwa, rile da kontakta. Kowa na iya haɗa wanga cikin mako guda ya sa famfo ya kunna ya kashe. Karatun na farawa ne bayan nan. Sensar nan na aika sauti ta ƙirga lokacin dawowarshi, kuma furogiram da yawa da za ka kwaso intanet sun ɗauka sauti na gudun mita 343 cikin daƙiƙa, wanda gaskiya ne a zafin digiri 20. To mu nan watan Afrilu da Mayu muna wuce 40, cikin baƙin tanki saman kwano kuwa sai abin da Allah ya yi. A digiri 45 gudun sauti ya kai wajen mita 358, bambancin ya haura kashi 4 cikin ɗari, a nisan mita biyu kuskuren ya kusa santimita 9. Ka ƙara sensar zafi, ka gyara lissafin, ka auna da tef safe da rana da dare, ka zana jadawalin kafin gyara da bayan gyara. Sannan za ka ga wata matsala, duk lokacin da kontakta ta buga allon na iya sake tashi da kanshi saboda hayaniyar lantarkin koyil, sai ka koyi raba wutar allo da ta famfo, da sa dayod ko sinoba, da nesanta wayoyin sigina daga na wuta. Tururin cikin tanki ma zai ci sensar, ka gane dalilin da ya sa ake sayar da mai rufin hana ruwa. Wallahi wanga ɗan aiki in ka rubuta shi shafi huɗu da jadawali da hotuna ya fi takardun halartar bita guda ashirin.

Gargaɗi guda, wutar lantarki mai volt 230 ba abokiyar wasa ba ce, gefen famfo ka nemi mai aikin lantarki ya tsaya kanka. Masu naɗin koyil na cikin gari ma ka riƙa zama shagonsu, ka gaida su da ladabi ka ce Malam koyo na zo, abin da za su nuna maka game da yadda moto ke ƙonewa babu shi cikin handawut.

Ka ɗora furogiram ɗin GitHub, shafin ajiye furogiram na intanet, ka ɗauki bidiyon minti biyu, shi ke nan ka samu abin nunawa.

Mataki na biyar: gida ko waje

A gida, Jami'ar Bayero ta Kano na da sashen mekatironik, haka Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Minna, da ATBU Bauchi, ABU Zariya ma na koyar da shi kuma sun daɗe da ƙarfi wajen kontirol. Ka duba tallar makarantar gaba da digiri ta shekarar da kake nema don ka ga wane mastas ne a buɗe, sannan kafin ka sayi fom ka shiga mota ka je da ƙafarka. Ka nemi ɗaliban da ke ciki, ba malamai ba, ka tambaye su abu uku: shekara nawa mutane ke ɗauka kafin su gama, kayan ɗakin gwaji na aiki ko an rufe su da leda, kuma wane malami ne ke karanta babi ya maido cikin lokaci. Amfanin gida shi ne arha, kana kusa da iyali, kana iya riƙe aikinka, kuma matsalar da za ka yi bincike kanta tana nan gabanka. Illarshi kowa ya sani, yajin aiki da jan lokaci da ƙarancin kaya. Wanda ke aiki masana'anta riga, ni ina ganin mastas na gida ya ishe shi, don ɗakin gwajinshi na wurin aikinshi.

A waje, Jamus ce anka fi nufa kuma da dalili, can ne ma anka fito da maganar masana'antu zubi na huɗu a baje kolin Hanoba na 2011. Jami'ar Fasaha ta Hambug da Jami'ar Siegen duka suna da mastas na mekatironik da Turancin Ingilishi, shekara biyu, babu kuɗin makaranta sai ɗan kuɗin semista. Amma ba ko'ina ne kyauta ba, jihar Baden-Württemberg na karɓar Yuro 1,500 kowace semista ga 'yan wajen Turai, Jami'ar Fasaha ta Munik ma ta fara caji tun 2024. Babban dutsen shi ne asusun da ake kullewa kafin biza, a 2025 Yuro 11,904 ne na shekara guda, ka buga shi da canjin yau ka ga inda kake. Layin biza ma na da tsawo, a sa shi cikin lissafi.

Malesiya ta daɗe da karɓar 'yan Arewa, Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa na da sashen mekatironik, UTM da ke Johor na da mastas na mekatironik da kontirol, rayuwa da sauƙi ga abinci da masallaci. Masar akwai E-JUST kusa da Iskandariyya, jami'ar haɗin gwiwa da Japan, suna da sashen mekatironik da robot. Saudiyya akwai KFUPM a Dahran da KAUST, masu ƙarfi ne wajen bincike kuma suna ɗaukar nauyin ɗaliban bincikensu, sai dai shigarsu sai mai maki mai kyau. Ingila shekara guda ce, da sauri amma da tsada, kuma shekara guda ga fannin da ke son hannu ni dai tana mini kaɗan.

Duk inda ka nufa, ka buɗe shafin sashen ka duba kayan ɗakin gwaji da takardun da malamai sunka wallafa cikin shekara uku da sunka wuce. Ka duba ko akwai zaman koyon aiki a kamfani cikin tsarin, ko ana barin ɗalibi ya yi kundinshi cikin masana'anta, wanda a Jamus abu ne da anka saba. Kwas ɗin da ke da wanga ya fi mai babban suna da ba shi da shi.

Mataki na shida: kuɗi

PTDF, asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, na ba da tallafin mastas da digirin digirgir gida da waje, ƙa'idarsu karatun ya shafi mai da gas da makamashi, kuma kontirol da na'urorin awo sun shiga nan cif, ka dai iya nuna alaƙar cikin rubutunka. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai na biyan Yuro 1,400 kowane wata ga wanda ya samu, ka yi karatu ƙasa biyu ko fiye, akwai shirye-shiryen robot cikinsu irin su JEMARO da IFRoS, ka duba kundinsu na shekarar don jerin na sauyawa, yawanci ana rufe nema tsakanin Disamba da farkon shekara. Na gwamnatin Turkiyya ana buɗe shi watan Janairu zuwa Fabrairu, mai neman mastas ya zama ƙasa da shekara 30. MEXT na Japan ta ofishin jakadancinsu ake bi, ƙasa da shekara 35. Akwai na Hangari, da na gwamnatin Sin, da na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, da Commonwealth. Chevening na Ingila na son shekara biyu na aiki, haka shirin EPOS na hukumar DAAD ta Jamus. Malaman manyan makarantu kuma TETFund ce hanyarsu, ta ofishin makarantarsu.

Ka buɗe littafi ka rubuta ranar rufewar kowane, ka nemi biyar ko shida ba guda ba. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka sikolashif, ka toshe lambarshi, waɗanga duka neman su ta shafinsu ne ko ta ofishin hukuma.

Mataki na bakwai: takardu da wasiƙa

Fasfo da wuri. IELTS, jarabawar Ingilishi, yawanci 6.5 ake nema kuma shekara biyu yake aiki, don haka kada ka rubuta shi tun ba ka shirya nema ba, ka kuma sa kuɗin tafiya Abuja ko Kano cikin lissafi. Wasu jami'o'i na karɓar wasiƙar da ke shaida da Ingilishi anka koyar da kai, ka tambaya kafin ka kashe kuɗi. Wasu ƙasashe na son a buga ma takardunka hatimi a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje a Abuja. Wasiƙar shaida daga malamai biyu, ka je ka gaida su da kanka, ka kai musu takardar tarihinka da bayanin abin da kake nema, kada ka turo saƙo daren rufewa kana Ranka ya daɗe a taimaka.

Wasiƙar bayanin manufa ita ce inda ɗan aikin tankin nan zai biya ka. Mafi yawan masu nema na farawa da tun ina yaro nake son injuna, mai karantawa ya ga irinta ɗari kafin azahar. Kai ka fara da matsala. Ka ce garinku zafi na wuce digiri 40, ka gina kaza, ka auna ka ga kuskuren kaza, ka gyara ya sauka zuwa kaza, nan ka gane abin da ba ka sani ba shi ne tace sigina da kontirol na zamani, kuma kwas kaza da ɗakin gwaji kaza na jami'arsu ne ke koyar da shi. Ka ambaci sunan kwas ɗin daidai yadda yake shafinsu. In mastas na bincike ne mai buƙatar sufabaiza, imel ɗinka kada ya wuce layi goma: ko kai wane ne, wace takardarshi ka karanta da abin da ka fahimta ko ka kasa fahimta cikinta, mi ka gina, mi kake son yi, sai tiranskirif da mahaɗin bidiyo. Kada ka tura wasiƙa guda ga farfesa talatin, suna ganewa. In mako biyu ya wuce shiru ka tuna mishi sau ɗaya, sannan ka wuce gaba.

Mataki na takwas: batun bincike

Kada ka ji kunyar ɗaukar matsalar gida, ita ce ma abin da kake da shi wanda ɗan Indiya da ɗan Sin da ke gasa da kai ba su da shi. Noman rani na Goronyo da Wurno da Kware, yadda za a riƙa sakin ruwa gwargwadon danshin ƙasa da famfo mai sola. Albasar da ke ruɓewa cikin rudu kafin farashi ya tashi, ma'ajiya mai auna zafi da danshi ta kunna fanka da kanta. Ƙurar hunturu da ke rufe faifan sola, yaushe ya kamata a share, da wane inji, ba tare da ɓarnar ruwa ba. Tance fatar jar akuyar Sakkwato da kyamara. Gano cewa boris ɗin moto ya kusa mutuwa daga yanayin girgizarshi tun bai tsayar da layin aiki ba, wanda duk manajan masana'anta zai saurare ka kanshi. Har zafin kanshi batu ne, don ƙa'idar da anka sani ita ce ƙarin digiri 10 na raba rayuwar kafasita mai ruwa gida biyu, batirin gubar ma kusan haka, ke nan akwatin kontirol da anka ƙera don sanyin Turai dole a sake mishi lissafi nan.

Sai dai ka matse batun. "Sarrafa noman rani a Najeriya" ba batun mastas ba ne. "Kwatanta PID da kontirol mai hasashe wajen riƙe matsin ruwa a famfon sola lokacin da hasken rana ke sauyawa" shi ne batu, don shina da abin aunawa, da abin kwatantawa, kuma ana gama shi cikin wata shida. Ka tabbata akwai gwaji kan na'ura ta gaske ko da ƙarama ce, kundin da ya ƙare ga Simulink kaɗai ba ya da nauyi ga masu ɗaukar aiki.

Kana cikin karatun ka nemi satifiket ɗin PLC na kamfani guda, ka riƙa zuwa baje kolin masana'antu, in Jamus kake ka koyi Jamusanci ko da kwas ɗinka da Ingilishi ne don cikin masana'anta da shi ake magana. In ka dawo ka shiga NSE, ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, ka bi hanyar rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ita ke ba ka damar amsa sunan injiniya a hukumance da sa hannu kan aiki. Digirin digirgir kuma, in koyarwa a Danfodiyo ko wata jami'a ko cibiyar bincike irin NASENI ce manufarka, ka riƙe makin mastas sama kuma ka fitar da takarda ko guda daga kundinka, su za a tambaya. In masana'anta ka nufa, ka shiga aiki da mastas ɗinka ka yi shekara biyu ko uku kana bin layin waya da masu gyara tukuna, in ka ga har yanzu kana son digirgir ɗin sai ka koma da tambayar da ka samo can.